Lauyan da ya tsaya wa Auta: abin da na biya da abin da na samu

Tambayar farko da Barista ya yi mini ba ita na je ji ba. Na shiga ofishinsa da hantsi, ban karya ba, ban runtsa ba tun tsakar dare, na zauna na zazzage masa tarihin ƙanina Auta tun daga yaye har aure: yaron nan ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, a sahun gaba yake sallar asuba, kowa a unguwa shaida ne. Ya bar ni har na gaji don kaina. Sannan ya ɗago kai daga takardar da yake rubutu ya ce, "Alhaji, wa ya ga lokacin da aka ɗago katan ɗin?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Da idonsa nake nufi. Ba wanda aka ba labari ba. Lokacin da aka sa hannu aka ɗago shi daga inda yake, wa ke tsaye a wurin ban da waɗanda suka zo binciken?"

Wallahi a lokacin haushi na ji. Ni ina maganar mutuncin gidanmu, shi yana maganar wa ke tsaye a ina. Wata goma sha uku bayan nan, a kan wannan tambayar aka sallami ƙanina.

Tun da aka gama shari'ar mutane a Kantin Kwari ke tare ni suna tambaya, wane lauya ne, nawa ya karɓa, yana da kirki? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunansa ko na ofishinsa ba, don bai ba ni kuɗin talla ba, kuma ina da ƙorafi a kansa da zan faɗa. Haka su ma jami'an da suka je gidan ba zan ce daga ina suke ba. Motoci biyu ne, wasu da kaki wasu da kayan gida, iyakar abin da zan ce ke nan.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. Auta yana sayar da caja da murfin waya da irin tarkacen nan. Gidan haya yake zaune da amaryarsa, su huɗu ne 'yan haya. A soro akwai wani ɗan sito a ƙarƙashin matakalar bene, nan yake ajiye katan-katan na kayansa. Mukullin siton uku ne: ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun wakilin mai gida, ɗaya a hannun wani ɗan haya da ya ce yana rarraba magunguna a kemis-kemis da babur. Wajen ƙarfe biyu na dare aka buga ƙofa. Auta ya fito, aka sa masa ankwa aka kai shi mota. Wasu suka faɗa ɗakin, matarsa na ciki da kayan barci, suka birkita katifa da durowa ba su sami komai ba. Wasu kuma suka fasa kwaɗon siton, suka fito da katan guda na tiramadol mai lamba 225. Suka haɗa da wayoyi biyu da kuɗin cinikin ranar, naira dubu 180, suka tafi. Mai babur ɗin ba ya gida a daren, kuma har yau da nake wannan rubutu bai dawo ya kwashe ko tabarmarsa ba. Yarinyar ta kira ni tana kuka, abin da kawai na iya ji shi ne, "Yaya, sun tafi da shi."

Kafin in je ga lauyan sai da na yi wautar da kowa ke yi. Da sassafe wani mutum mai babbar riga ya tare ni a bakin inda ake tsare da shi, ya ce ya san Oga, abokin ɗaurin aurensa ne, in kawo dubu 70 kafin azahar yaro yana gida. Na ƙirga na ba shi. Lambarsa har yau a kashe take. Maƙwabcin rumfata ne, wanda ɗansa ya taɓa shiga irin wannan, ya ce mini in bar yawo in tafi ofishi kaza.

Ofishin ba abin a zo a gani ba ne. Ɗaki biyu a saman bene, fanka ɗaya mai ƙara, fayiloli a ɗaure da zare har kan taga. Mutum uku ne ke aiki: shi Barista, da wata ƙaramar lauya da ba ta fi shekara talatin ba, da akawu. Kuɗin ganin lauya dubu 20, aka ba ni rasiti ban tambaya ba. Na lura da wannan, don mai babbar riga bai ba ni ko kallo na biyu ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai sayar mini da fata ba. Ni na shiga da makamina a hannu, ina ta nanata cewa ba su nuna waranti ba, ai ko a rediyo muna ji ana cewa ba a shiga gidan mutum sai da takardar kotu. Ya ce in ajiye wannan. Kundin Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 37 ya kare sirrin gidan mutum, gaskiya ne, amma dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka fara kafawa a 1989, a sashe na 41 ta ba jami'an da ke aiwatar da ita damar shiga gini ko mota su bincika ba tare da waranti ba, muddin suna da dalilin zaton wurin yana da alaƙa da laifin ƙwaya. Na ce to ai da dare ne. Ya ce ko mai waranti a hannu, dokar shari'ar laifuka ta 2015, wadda su lauyoyi ke kira ACJA, ta yarda ya aiwatar da shi kowane lokaci, kowace rana, har ranar hutu.

Jikina ya yi sanyi. Sai ya ƙara mini da wadda ta fi zafi. Ya ce ko da an tabbatar binciken ya saɓa ƙa'ida, wannan kaɗai ba ya sa kotu ta jefar da abin da aka samu. A Amurka ne ake haka, tun wata shari'a ta 1961 da Kotun Ƙolinsu ta ce abin da aka samo ta haramtaccen bincike ba ya zama hujja a kotunan jihohi. Mu namu daban. Tun 1968, a shari'ar Musa Sadau, Kotun Ƙolin Nijeriya ta karɓi takardun lasisin mota da aka samo a binciken da bai cika ƙa'ida ba. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 14 da na 15, ta bar abin a hannun alƙali: a karɓi hujjar, sai fa in ya auna ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta, yana duba girman laifin, da nauyin hujjar, da girman saɓawar, da ko da gangan aka yi.

Na ce, "To Barista, me ya rage mana? Sai mu je mu yi ta addu'a."

Ya ce, "Addu'a kam ku yi. Amma ba katan aka gurfanar ba, ƙaninka za a gurfanar. Sai sun nuna katan ɗin a hannunsa yake, kuma da saninsa. Duk ƙa'idar da suka tsallake, igiya ce da za su ɗaure shi da katan ɗin suka yar da ita da kansu."

Nan ne na fara gane inda ya dosa, kuma nan ne nake ganin kuɗina ya yi aiki. Ya buɗe littafin ACJA ya nuna mini sashe na 149 da na 150. Bincike a gaban shaidu biyu ake yinsa. Duk abin da aka ɗauka a rubuta shi, da wurin da aka same shi, mai bincike ya sa hannu, shaidu su sa hannu, a ba wanda aka bincika kwafinsa. Mai wurin yana da damar tsayawa ya ga binciken da idonsa. In akwai matar da bisa al'ada ko addini ba ta fita cikin maza, kuma ba ita ake nema ba, sai an sanar da ita an ba ta damar kimtsawa ta kauce kafin a shiga. Wannan na ƙarshen ya ba ni mamaki, ban taɓa zaton dokar boko ta san da kulle ba. Ya ce ai ba sabon abu ba ne, tsohuwar dokar Arewa ta 1960 ma ta ce a nemo mutum biyu masu mutunci daga unguwa su tsaya. Ya kuma gaya mini tun a ranar cewa mai gabatar da ƙara zai ce wannan sashen na binciken waranti ne, nasu kuwa ba na waranti ba ne. Amsarsa ita ce sashe na 10, wanda ya ce duk wanda ya kama mutum ya rubuta jerin kayan da ya karɓa daga gare shi nan take, su sa hannu tare, a ba shi kwafi. Da waranti ko babu, wannan bai faɗi ba.

A gidan Auta ba a yi ko ɗaya ba. Shi yana cikin mota, fuskarsa na kallon titi, lokacin da aka fasa siton.

Ƙaramar lauyar nan ita ce ƙashin bayan ofishin, kuma in da za a raba kuɗin da na biya bisa gumi, da ita za ta ɗauki kaso mafi tsoka. A ranar, kafin la'asar, ta riga ta je inda ake tsare da Auta. Allah ya sa ba a ɗauki bayaninsa ba tukuna. Ta tsaya a kan sashe na 17, wanda ya ba wanda ake zargi damar ba da bayani a gaban lauyansa, da tafinta in ba ya jin Turanci sosai. Auta ya yi sakandare, amma Turancinsa na ciniki ne, ba na sa hannu a takardar da za ta iya cinye masa shekara goma sha biyar ba. Da Hausa ya yi bayani, aka fassara, aka karanta masa, sannan ya sa hannu. A layi na uku ya ambaci mukullai uku da sunayen masu riƙe da su. Daga baya na ji daga bakin waɗanda muka zauna benci ɗaya da su a kotu cewa yawancin mutane a nan suke faɗawa rami, a kwana biyun farko, kafin danginsu su gama neman wanda ya san Oga. Barista ya ce dokar ta kuma tanadi a ɗauki bayanin amsa laifi a bidiyo, kuma Kotun Ƙoli ta tsaurara a kan haka a 'yan shekarun nan, amma gara kada a kai ga wannan gardamar tun farko.

Tana nan kuma aka yi gwajin farko. Yadda ake yi, ana ɗibar kaɗan daga kayan a gwada a gaban wanda ake zargi, a auna nauyi, a zuba samfur a 'yar leda a liƙe, a cike fom-fom na gwaji da na ɗaure kaya da na neman binciken masana, kowa ya sa hannu, sannan samfurin ya tafi ɗakin gwaje-gwaje, ragowar kuma ta shiga hannun mai ajiyar kayan shaida. Ta gaya wa Auta sa hannunsa a nan yana nufin an gwada a gabansa ne kawai, ba yana nufin kayansa ba ne, kuma ta kwafe duk lambobin da ke kan fom ɗin a littafinta.

Washegari ta zo gidan. Na ɗauka zama za ta yi ta sha lemo ta yi tambaya biyu. Sai ga ta da tef ɗin awo irin na tela. Ta auna daga ƙofar ɗakin Auta zuwa siton, daga siton zuwa inda motar ta tsaya. Ta shiga ta tsuguna a ƙarƙashin benen da hijabinta, ƙura duk ta ɓata mata gwiwa, tana ɗaukar hoton katan-katan ɗin Auta masu tambarin caja da gurbin da aka ɗauke ɗayan. Ta tsinci fasasshen kwaɗon a cikin kwata, ta sa a leda ta rubuta kwanan wata. Ta nemi wakilin mai gida ya nuna mata mukullinsa, ya fara noƙewa, ta ce masa, "Baba, ba kama ka za a yi ba, so nake kawai in ga yana buɗe irin wannan kwaɗon." Ta je wurin mai unguwa ta tambaye shi ko an tashe shi a daren, ya ce shi da safe ya ji a masallaci. Sannan ta kore mu duka, ta zauna da matar Auta su biyu a ɗaki kusan awa guda. Yarinyar da ta kwana biyu ba ta iya haɗa magana ba, sai ga ta ta fito tana lissafa wanda ya fara shiga da abin da ya taɓa.

Yanzu bari in juya ga inda suka ɓata mini rai, don akwai.

Na farko beli. Kundin Tsarin Mulki a sashe na 35 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Laifin ƙwaya irin wannan Babbar Kotun Tarayya ce ke saurarensa. Da kwanaki suka fara ja, Barista ya shigar da ƙarar neman haƙƙin ɗan Adam, kuma ba a jima ba aka gurfanar da Auta. Wannan ya yi daidai. Alƙali ya ba da beli a kan mutum biyu masu tsaya masa, ɗaya ma'aikacin gwamnati mai babban mataki, ɗaya mai takardar fili a cikin gari. Sai a ranar, a bakin kotu, Barista ya juyo ya ce mini, "Alhaji, sai a nemo su." Mutumin da ya shekara ashirin yana wannan aiki, ya san irin sharuɗɗan da ake gindayawa kamar yunwar cikinsa, me ya hana ya gaya mini tun mako biyu da suka wuce? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana goma sha ɗaya na yi ina bin gidajen mutane da hula a hannu, ina neman wanda zai yarda sunansa ya shiga fayil ɗin ƙwaya, sannan a je a tantance takardu. Kwana goma sha ɗayan nan Auta a gidan yari ya yi su, kuma a wuyan ofishin nan na ɗora su. Na gaya masa a fuskarsa. Ya ce na yi gaskiya. Amsa laifin bai dawo da kwanakin ba.

Na biyu kuɗi. Mun yi magana a kan dubu 250 na beli, dubu 900 na shari'a gaba ɗaya, a biya kashi-kashi. Ban ce ya yi tsada ba, na tambaya a wasu wurare na ji abin da ya fi haka. Amma ba wanda ya ambaci kuɗin mai na kowane zama, dubu 15, sai da akawu ya tare ni da shi a zaman farko kamar abin da kowa ya sani. Zama goma sha huɗu muka yi, har da waɗanda aka ɗage ba a yi komai ba. Ku lissafa. Sai da na dage aka rubuta yarjejeniya a takarda. Duk wanda zai je, ranar farko ya ce a rubuta masa komai da komai, har kuɗin hoton takardu.

Na uku waya. Barista ba ya ɗaukar waya. In ka kira sau biyar, zai turo maka saƙo da daddare, "Ina kotu." Na san yana kotu, amma mai ɗan'uwa a tsare ba ya son dogon bayani, kalma biyu yake so. Akwai kuma ranar da shari'u suka haɗe masa, ƙaramar lauyar tana jinya, ya turo wani yaro daga wani ofishi da bai ma san sunan Auta daidai ba. Allah ya taimaka ɗagewa kawai aka yi. Kuɗin mai dai an karɓa.

Sai dai akwai abin da ya yi wanda ya sa na haɗiye rabin fushina. Ana cikin shari'a dangi suka fara matsa mini. Wani kawunmu ya ce kowa amsa laifi yake yi a irin wannan, a yanke tara a biya a huta, me ya sa za mu yi ta zarya? Maganar tana da kamar gaskiya. Hukuncin da ke rubuce mai firgitarwa ne, shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da mallaka, ɗaurin rai da rai ga mai fatauci, amma a aikace alƙalai kan sassauta wa wanda ya amsa tun farko, kuma dokar 2015 a sashe na 270 ta buɗe ƙofar sasantawa da masu gabatar da ƙara. Na kai Hajiya ofishin da kanta, ta hau benen nan da ƙyar tana dafa bango. Ta ce masa, "Ɗan nan, ka gaya mini gaskiya, zai fito?"

Ya sauko daga kujerarsa ya zauna a benci kusa da ita. Ya ce, "Hajiya, abin da ke hannun Allah da alƙali ba zan yi miki alkawarinsa ba. Da kayan nasa ne, ni da kaina zan ce ya amsa, in roƙa masa sassauci, kuma da ya fi mini sauƙi. Amma in ya amsa abin da bai yi ba, tarar za a biya a gama, sunan kuma ya bi shi har 'ya'yansa. Duk takardar da zai cike a rayuwarsa, ta aiki ko ta biza, za a tambaye shi."

Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce a ci gaba. A mota ta ce mini yaron yana da tarbiyya, sai dai rabin maganarsa Turanci ne. Wannan ma gaskiya ne, in ya ɗauki zafi sai ƙaramar lauyar ta riƙa bin bayansa tana mayarwa da Hausa.

Wata rana muna jiran a kira shari'a, na ce masa katan ɗin an rubuta daga Indiya aka yi shi. Ya yi dariya ya ce abin haushin shi ne can inda ake yin ƙwayar sun fi mu tsaurara wa masu bincike. Dokarsu ta 1985, sashe na 50, ta ba wanda za a laluba jikinsa damar cewa a kai shi gaban majistare ko babban jami'i tukuna, kuma a 1999 Kotun Ƙolinsu ta ce dole a sanar da shi wannan dama, in ba a yi ba ba za a ɗaure shi a kan abin da aka ce an samu a jikinsa kaɗai ba. Ya ce na jiki ne kawai, bai shafi sito ba, don haka ko a can ba lallai ya ceci Auta ba. Irin wannan ne halinsa, ba ya bari ka yi murna da abin da ba naka ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ina kare 'yan ƙwaya. Ina zaune a Kano. Na ga yadda kodin ya yi da 'yan mata da matan aure kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar ya ce mutum miliyan 14.3 ne a ƙasar nan suka taɓa ƙwaya cikin shekara guda. Ɗan maƙwabcina, yaron da na yi wa huɗuba da bakina, yau a ɗaure yake a gidan mari. Tiramadol da aka yarda a sayar a kemis mai 50 ne da mai 100, da takardar likita, mai 225 ɗin nan guba ce kawai, kuma katan ɗin da aka fitar daga soron nan na gaske ne, wani ne ya ajiye shi don ya sayar wa 'ya'yan mutane. Ko yau aka ce za a kama dila, ni zan riƙe fitila. Abin da ke ci mini rai shi ne da an tashi mai unguwa a daren, da an tsayar da Auta a bakin siton an tambaye shi wa da wa ke da mukulli, da tun kafin gari ya waye an san wanda za a nema. An yi wata goma sha uku ana shari'a da mai sayar da caja, mai kayan kuwa ya sami wata goma sha uku na nisa.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ranar da aka yi wa shaidu tambayoyi. Ni na zaci ihu za a yi da nuna yatsa. Barista ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a aljihu, muryarsa ƙasa-ƙasa har sai da alƙali ya ce ya ɗaga. Shaida na farko ya riga ya ce a ɗakin wanda ake tuhuma aka sami kayan. Barista bai musa masa ba. Ya tambaye shi a wane ɓangare na ɗakin, ya ce gefen gado. Ya tambaye shi wa ke wurin, ya ce abokan aikinsa. Akwai wani daga unguwa? Babu. Wanda ake tuhuma fa? Yana waje saboda tsaro. An rubuta jerin abin da aka ɗauka? An rubuta a ofis. Yana ina? Shaida ya duba mai gabatar da ƙara, mai gabatar da ƙara ya duba fayil. Barista ya ce ya gode, ya zauna. Na ji kamar in tashi in shaƙe shi, ga mutum yana ƙarya a kan gado ya ƙyale shi.

A zama na gaba shaida na biyu ya zo, wanda shi ya ɗauko katan ɗin da hannunsa. Barista ya miƙa masa fasasshen kwaɗon nan a cikin ledarsa, ya ce ko ya gane shi. Ya juya shi ya ce ya yi kama da wanda suka fasa. A ina? A sito, a soro. To katan ɗin a ina yake? A cikin siton. Ba gefen gado ba? Shaida ya yi shiru. Alƙali ya cire tabarau ya dube shi, ya mayar, ya ci gaba da rubutu. Sannan aka zo kan lamba: takardar da suka miƙa kayan da ita ta ce fakiti 38, fom ɗin da aka cike a gaban ƙaramar lauyar ya ce 45. Ba wanda ya iya cewa daga ina bakwai suka ƙaru, ko a hannun wa katan ɗin ya kwana tsakanin ƙarfe biyun dare da yammacin washegari. An tambaye shi ko sun nemi sauran masu mukulli biyun da aka ambata a bayanin wanda ake tuhuma. Ya ce ba aikinsa ba ne.

Da masu ƙara suka rufe, Barista ya ce ba sai Auta ya kare kansa ba, ya rubuta wa kotu cewa ba a kawo abin da zai sa a nemi ya yi bayani ba. Alƙali ya karɓi katan ɗin a matsayin hujja, kamar yadda aka gaya mini tun ranar farko, ya kuma yarda tiramadol ne. Amma ya ce ba a nuna a hannun wa yake ba. Aka sallame shi. Mai unguwa da wakilin mai gida da matar Auta, da aka shirya su tsaf, ko ɗaya bai hau akwatin shaida ba.

Waya ɗaya ta dawo da fasasshen gilashi. Ɗayar da dubu 180 ɗin babu su a kowace takarda, don haka a idon doka kamar ba a taɓa ɗaukarsu ba. Barista ya ce ana iya shigar da ƙara a kansu da kuma shigar da aka yi wa yarinyar, amma ya lissafa mini abin da zan kashe da shekarun da za a ɗauka, ya ce shawara tawa ce. Auta ya ce shi ko hanyar kotun ba ya son ya sake bi. Ya tashi daga gidan, kayansa kuma yanzu a ƙarƙashin gadonsa yake tura su, matar tana ta mita.

In ɗan'uwanka ne ya shiga irin wannan kuma ka tabbata ba nasa ba ne, zan kai ka ofishin da ƙafata, amma ka tafi a ranar, ba bayan mako ba, ka fara neman masu tsayawa beli tun a hanya, kuma lambar ƙaramar lauyar za ka karɓa. In kuwa wanda zai shiga ya fita ya ga Oga kake nema, ba nan ba ne, na tambaye shi da bakina a makon farko ya ce shi ba ya wannan.

Akwai ragowar dubu 60 da ban cika ba. Ofishin da na sha fama a ɗauki wayata, yanzu akawunsu ne ke kirana duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ce masa ƙarshen wata.